Wasan Civilization: Yaushe ya dace a sauya gwamnati?

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta yana buga wasan Civilization ya san wani lokaci da ke zuwa bayan an ɗan yi nisa da farawa. Masanan ƙasarsa sun kammala binciken tsarin sarauta ko na jamhuriya, hanya ta buɗe, sai ya rage gare shi ya yanke shawara: a yi juyin-juya-hali yanzu, ko a dakata? Maɓalli ɗaya ake dannawa, amma wannan na daga cikin 'yan shawarwarin da ke iya ɗaga ƙasa, ko su bar ta a baya tun ba a kai tsakiyar wasa ba. Sababbin 'yan wasa sukan kasu biyu. Wasu su danna nan take ba tare da shiri ba, garuruwansu su ɓarke da tarzoma. Wasu kuma tsoro ya sa su yi ta jiran gawon shanu, har maƙwabta su tsere musu a fagen ilimi da dukiya.

Ga wanda bai san wasan ba, Civilization ya fara fitowa a 1991 daga kamfanin MicroProse na Amurka, kuma Sid Meier ne ya tsara shi tare da Bruce Shelley. Mai wasa yakan fara da ƙaramin ayari na masu neman wurin zama a shekara ta 4000 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam. Ya kafa gari, ya yi noma, ya shimfiɗa hanyoyi, ya nemi ilimi, ya ƙulla zumunta ko ya yi yaƙi da sauran ƙasashe, har a iso zamanin kumbon sama jannati. Bi da bi ake buga shi kamar dara: mai wasa ya gama nasa motsin, ya miƙa, sannan kwamfuta ta motsa sauran ƙasashen. Kowane bi ɗaya shi za mu riƙa kira zagaye. Saurin yatsa ba ya da wani amfani a nan. Zagayen su ne jarin mai wasa, kuma ƙidayayyu ne. Wanda ya ɓatar da biyar a banza ba zai sake ganinsu ba.

Abin da ke sa dole a sauya

A fitowa uku na farko, wato ta 1991, da Civilization II ta 1996, da Civilization III ta 2001, kowace ƙasa tana farawa ne da mulkin kama-karya. Tsarin yana da sauƙin riƙewa: sojoji ba su da tsada, kuma askarawan da aka girke cikin gari suna iya danne masu ƙorafi. Sai dai yana ɗauke da wani haraji na ɓoye. Taswirar wasan a yanke take fili-fili, kowane fili yana ba da abinci, da kayan aiki waɗanda ake nunawa da alamar garkuwa, da kuma ciniki. A ƙarƙashin kama-karya, duk filin da ya kai ga ba da uku na ɗayan waɗannan, sai a zaftare ɗaya.

Ɗauki filin ciyawa. Abinci biyu yake bayarwa, daidai abin da mutum ɗaya na gari ke ci. In aka ja masa ruwa ya kamata ya ba da uku, rarar nan ta ɗaya kuwa ita ke sa gari ya girma. Amma a mulkin kama-karya ukun nan komawa biyu take yi. Ma'aikata sun sha wahalar haƙa, ƙasa ba ta ƙaru da komai ba. Ga kuma almundahana da ke cinye kaso mai yawa na kuɗin garuruwan da ke nesa da babban birni. A Civilization II ma akwai ƙarin takunkumi: mai mulkin kama-karya ba zai iya ware fiye da kashi 60 cikin 100 na kuɗin cinikinsa ga abu ɗaya ba, ko ilimi ne ko baitulmali. Sarauta takan ɗaga iyakar zuwa 70, jamhuriya zuwa 80, dimokuraɗiyya kuma ta cire ta gaba ɗaya.

Sarauta tana kawar da zaftarewar nan. Jamhuriya ta fi haka: bayan ta kawar da ita, tana ƙara ciniki ɗaya a kan duk filin da dama yake ba da ciniki. Ƙasar da ta shimfiɗa hanyoyi ko take zaune a bakin kogi tana iya wayar gari ta ga kuɗin shigarta ya yi tsalle. Saboda haka maganar ba ta ko za a sauya ba ce. Maganar ita ce yaushe, kuma zuwa wanne.

Kuɗin da ake biya

Ba a tsallakawa daga wata gwamnati zuwa wata kai tsaye. Tsakaninsu akwai lokacin da ƙasa ke zama ba gwamnati, zaman kara-zube. A Civilization II, a wannan lokaci ba a karɓar haraji, bincike kuma yana tsayawa cak. A Civilization III abin ya fi muni, domin hatta gine-gine da horar da sojoji tsayawa suke yi, kuma kason da aka saba warewa don nishaɗin jama'a ba ya aiki. Tsawon lokacin ma ba a hannun mai wasa yake ba. Akwai sa'a a ciki, kuma yawan garuruwa yana ƙara shi, ta yadda babbar daula za ta iya shafe zagaye bakwai ko takwas tana zaune dirshan.

Wannan ne ke firgita mutane, alhali lissafin bai da wuya. Mu ƙaddara, a matsayin misali kawai, ƙasa tana samun 20 a kowane zagaye a mulkin kama-karya, kuma za ta samu 30 a jamhuriya. In kara-zube ya ɗauki zagaye 5, an yi asarar 100. Sabuwar gwamnati tana kawo ƙarin 10 a kowane zagaye, don haka cikin zagaye 10 ta biya bashin. Daga ranar da aka tayar da juyin zuwa ranar da aka fara cin riba, zagaye 15 ke nan, a wasan da ke da ɗaruruwan zagaye.

To, mai wasa ya ce bari ya jira zagaye 30 tukuna, ƙasa ta ƙara ƙarfi. A tsawon jiran nan ya bar aƙalla 300 a ƙasa, ninki uku na abin da yake gudu. Sannan ranar da ya yarda ya sauya, ƙasar ta ninka, tana samun 40, don haka zagaye biyar na kara-zube yanzu 200 za su ci ba 100 ba, in ma ba su ƙaru zuwa bakwai ba. Jira bai rage masa komai ba. Kuma lissafin nan bai ma ƙidaya abin da ya fi muhimmanci ba, wato cewa ribar farkon wasa haihuwa take yi. Rarar abinci ta zama ƙarin mutane, mutane su zama sababbin garuruwa, garuruwa su kawo ilimin da zai buɗe wani ilimin. Shi ya sa ƙwararru suke ɗaukar fita daga kama-karya a matsayin tsere. A ƙarin da aka yi wa Civilization III a 2003 mai suna Conquests, ƙasar da ta riga kowa gano falsafa ana ba ta ilimi ɗaya kyauta. Sai 'yan wasa suka gano dabara: su fara kammala kundin dokoki, sannan falsafa, kyautar kuma su zaɓi jamhuriya, wadda da za ta ci musu zagaye masu yawa.

Lissafin yana aiki ta ɗaya gefen ma. In saura zagaye 12 a gama wasa, sauyin da ke buƙatar 15 kafin ya biya kansa asara ce tsantsa, komai kyawun gwamnatin da ake hange. Haka nan sauyi na biyu ba ya kai na farko riba. A Civilization III tazarar da ke tsakanin kama-karya da jamhuriya babba ce, amma tsakanin jamhuriya da dimokuraɗiyya ƙarama ce, ga shi lokacin daula ta girma, kara-zube ya yi tsada. Da yawa daga cikin gogaggun 'yan wasa sau ɗaya tak suke juyi a duk tsawon wasa, kuma a ganina suna da gaskiya.

Inda gaggawa ke cutarwa

Da lissafin ya tsaya a nan, da babu abin tattaunawa. Matsalar ita ce ƙarin nan na 10 da muka ƙaddara ba kullum yake tabbata ba. Wani lokaci sabuwar gwamnati tana karɓewa da hagu fiye da abin da ta bayar da dama.

Babban tarkon shi ne kuɗin riƙe sojoji. A Conquests, mulkin kama-karya yana ɗaukar nauyin runduna 4 kyauta a kan kowane gari. Jamhuriya kuwa runduna 1 kacal take ɗauka a kan ƙaramin gari mai mutum 6 ko ƙasa da haka, 3 a kan birni mai mutum 7 zuwa 12, sannan 4 a kan wanda ya wuce haka. Duk rundunar da ta haura adadin, zinari 2 take ci a kowane zagaye, kuma ma'aikatan hanya da na gona suna cikin ƙidayar. Yanzu a duba mai ƙananan garuruwa 10 da runduna 30. A kama-karya ba ya biyan ko anini, domin yana da gurbin 40. Ranar da ya zama jamhuriya gurbinsa ya koma 10, saura 20 sai ya biya, zinari 40 ke nan a kowane zagaye. In ƙarin cinikin da jamhuriyar ta kawo bai wuce 30 ba, ya sha wahalar kara-zube don ya ƙara talaucewa. Da sarauta ya zaɓa, wadda ke ɗaukar 2 a kan ƙaramin gari kuma take cajin zinari 1, da 10 kawai zai biya. Da kuma ya bari garuruwan nan goma suka kai mutum 7 kowanne, da gurbinsa a jamhuriya ya zama 30, bai biya komai ba. Amma gari ba ya wuce mutum 6 sai yana bakin kogi ko tafki, ko an gina masa magudanar ruwa. Ashe amsar tambayar tana kwance a taswira da kuma girman garuruwa, ba a sunan gwamnati ba.

Tarko na biyu shi ne kwanciyar hankalin jama'a. A Civilization III kama-karya yana barin sojoji 2 su riƙe gari, sarauta 3, jamhuriya kuwa ko ɗaya. Garin da yake zaune lafiya albarkacin masu gadi zai iya tashi da bore a zagayen farko na sabuwar gwamnati. Maganinsa a riga an tanadi abin da zai maye gurbinsu: wuraren ibada, kasuwanni, da kayan alatu irin su turare, siliki, hauren giwa da kayan yaji, waɗanda kowannensu in an haɗa shi da hanya yake faranta ran mutum ɗaya a kowane gari.

Na uku yaƙi ne. Mutanen jamhuriya da na dimokuraɗiyya ba sa jure dogon yaƙi. A Civilization II, kowace rundunar yaƙi da ta bar gida a dimokuraɗiyya tana ɓata ran mutum 2 a garinta, kuma in gari ya zauna cikin tarzoma zagaye biyu a jere, gwamnatin ce gaba ɗaya take rushewa. Majalisar dattawa kuma tana iya tilasta wa mai wasa ya karɓi sulhu daidai lokacin da ya kusa cin birnin abokin gaba. Wanda ke da niyyar mamaya gara ya gama ta a sarauta, ya sa hannu a yarjejeniya, sannan ya juya. Shi kansa juyin a tsakiyar yaƙi, musamman a fitowa ta uku inda ba a iya horar da ko mashi ɗaya a lokacin kara-zube, kasada ce da ba kasafai take biya ba.

Akwai kuma wasu lokuta biyu da ake kauce musu. Ɗaya shi ne lokacin tseren gina wani abin al'ajabi, domin kowanne sau ɗaya ake gina shi a duniya, wanda ya makara da zagaye ɗaya ya rasa. Ɗayan shi ne zamanin bunƙasa, wanda a Civilization III yake zuwa sau ɗaya a wasa, ya ɗauki zagaye 20, yana ƙara garkuwa ɗaya da ciniki ɗaya a filayen da ke ba da su. A yi kara-zube a cikinsa kamar a kwanta barci ne ranar kasuwa. A ci shi a ƙarƙashin kama-karya kuwa, zaftarewar nan ta haɗiye wani kaso na ƙarin. Saboda haka mai lura yakan tsare rundunarsa ta musamman, wadda nasararta a fagen daga ke kunna zamanin, har sai ya sauya gwamnati.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a danna maɓallin, akan duba kowane gari a mayar da wasu mutane masu nishaɗantarwa don kada a yi bore, a sallami tsofaffin rundunonin da ba su da aiki, a kuma kammala duk ginin da ya rage kaɗan. A fitowa ta uku, kama-karya yana ba da damar gaggauta gini ta hanyar aikin tilas, a biya da rayukan mutanen gari, alhali sarauta da jamhuriya da zinari suke gaggautawa. Wanda yake da mutane fiye da kuɗi, zagayen ƙarshe kafin juyi shi ne damarsa ta ƙarshe ta amfani da wannan hanya, in zuciyarsa ta ɗauka.

Sirrin zagaye huɗu

Civilization II tana da wani sirri da ya mayar da batun kamar duban kalanda. Da farko an ɗauka tsawon kara-zube sa'a ce zalla, wani ya yi zagaye ɗaya, wani huɗu. Daga baya 'yan wasa suka gano cewa wasan yana ba da damar kafa sabuwar gwamnati ne kawai a zagayen da lambarsa ke rabuwa da 4. Sukan kira waɗannan shekarun Oedo, da laƙabin ɗan wasan da ake danganta ganowar gare shi. A matakai masu wuya, inda kowane zagaye na farko-farko yake cin shekara 50, shekarun su ne 3850, 3650, 3450 kafin haihuwar Annabi Isa, haka dai ana tsallake 200. Wanda ya tayar da juyi a zagayen da ke gab da irin wannan shekara, washegari ya sami gwamnatinsa. Wanda ya tayar bayan ta wuce kuwa sai ya zauna ba haraji ba bincike har ta sake zagayowa.

Abin sha'awa a nan shi ne jiran zagaye biyu ko uku a tsohuwar gwamnati ba ya jinkirta sabuwar ko kaɗan. Rana ɗaya za a kafa ta, bambancin kawai shi ne ko an yi kwanakin jiran ana samun kuɗi ko ana zaman banza. Masu ƙwarewa har sukan daidaita kason ilimi, su rage ko su ƙara, don binciken sarauta ya kammala a daidai gaɓar. Wanda kuma ya gina Mutum-mutumin 'Yanci na Amurka a wannan fitowar ya huta da lissafin, domin yana buɗe masa kowace irin gwamnati kuma ya ɗauke masa dogon kara-zube. A wasan 1991 Dalar Masar ce ke yin wannan aiki.

Yadda fitowar baya suka sauya tambayar

A Civilization III, ƙasashen da aka ba halin riƙo da addini, irin su Masar, Indiya, Japan da Babila, zagaye ɗaya ko biyu kawai suke yi a kara-zube. Su kam suna iya shiga sarauta don yaƙi, su koma jamhuriya da an yi sulhu.

Civilization IV, wadda Soren Johnson ya jagoranci tsarawa ta fito a 2005 daga kamfanin Firaxis, ta farfasa gwamnati gida biyar: tsarin mulki, shari'a, ƙwadago, tattalin arziki da addini, kowanne da zaɓi biyar. Kara-zube ya gajarce, amma sauye-sauyen sun yawaita, don haka dabarar ta koma ta haɗa biyu a juyi ɗaya maimakon a biya sau biyu. Sanannen misali shi ne sauyin farko bayan gano ƙirar tagulla. Akan jira har ayarin farko na masu kafa gari ya fita daga babban birni yana kan hanya, sannan a yi juyin. Ayarin yana ci gaba da tafiya, ma'aikata suna ci gaba da aiki, gari ɗaya ne kawai ya tsaya maimakon biyu. Shugabannin da aka ba halin ruhaniyya ba sa yin kara-zube sam, kuma cikinsu akwai Mansa Musa na daular Mali, wanda aka haɗa masa wannan da halin iya tara dukiya. A ƙarin Beyond the Sword na 2007 kuma, sai aka juya tsohuwar ƙa'ida: sauyi a lokacin zamanin bunƙasa ya zama kyauta. Abin da ake gudu a fitowa ta uku ya zama abin da ake jira a ta huɗu, kuma wanda ya ɗauko tsohuwar al'adarsa ba tare da ya duba dokar sabon wasan ba zai yi ta biyan abin da ake bayarwa a banza.

Civilization VI ta 2016 ta kusan kawar da kara-zube. Ana sauya gwamnati da manufofinta kyauta a duk zagayen da aka kammala nazarin wani sabon tsarin zamantakewa. A sauran lokuta sai an biya zinari, kuma kara-zube yana zuwa ne in an koma gwamnatin da aka taɓa bari. Nan ma 'yan wasa ba su rasa dabara ba: sukan ɗauko wani ƙaramin nazari su kai shi saura zagaye ɗaya, su ajiye, sai ranar da suke bukatar sauyi su ƙarasa shi.

A Civilization VII, wadda ta fito a watan Fabrairun 2025, an raba wasan zamani uku, kuma a farkon kowane zamani ne ake zaɓar gwamnati. Masu tsara wasan sun karɓe yawancin shawarar lokaci daga hannun mai wasa, suka bar masa ta zaɓi. A wannan fitowar ce Sarauniya Amina ta Zazzau ta shiga jerin shugabannin da ake iya jagorantar ƙasa da su.